Bozja'ada ko Gokce'ada: Wanne Tsibiri Ya Dace da Yini Guda?

Hajiya, kin ce za ki kai wa ɗanki da ke karatu a Canakkale ziyara, kuma yini ɗaya tak ya rage muku na yawon buɗe ido. Kina son sanin wanda ya fi tsakanin tsibiran Turkiyya biyu da ke bakin mashigin Dardanel, sannan kin nuna damuwa cewa ɗayan ya yi suna da gonakin inabi, ku kuwa ba ruwanku da giya. Shawarata ita ce ku tafi Bozja'ada, wanda za ki ga an rubuta Bozcaada a allunan hanya, kuma babban dalilina shi ne lokaci.

Mai zuwa Bozja'ada zai bi hanyar kudu daga Canakkale, tafiyar kusan awa guda a mota zuwa mashigar Geyikli, daga nan jirgin fito ya tsallaka da shi cikin kamar rabin awa ya sauke shi a tsakiyar gari. Mai zuwa Gokce'ada kuwa sai ya fara tsallaka mashigin zuwa Ejeyabat, ya ratsa zirin Galibolu zuwa Kabatepe, sannan ya hau wani jirgin da ke cin fiye da awa guda a kan ruwa, kuma ko ya sauka a Kuzu Limani akwai sauran 'yar tafiya kafin ya shiga gari. Idan aka haɗa zuwa da dawowa da zaman jiran jirgi, rabin yinin ya ƙare a hanya.

Girman tsibiran ma ya ƙara wa wannan bambanci nauyi. Gokce'ada shi ne tsibiri mafi girma a Turkiyya, kusan murabba'in kilomita 280, ƙasa ce mai tuddai, kuma abubuwan kallonsa a warwatse suke, don haka wanda ba shi da mota zai sha wahala. Bozja'ada bai wuce murabba'in kilomita 40 ba, gari ɗaya ne a cikinsa babu ƙauye ko ɗaya, kuma ana zagaye garin da ƙafa. Da bazara ƙananan motocin haya da suke kira dolmush suna kai mutane bakin teku, saboda haka gara ku bar mota a Geyikli, domin a lokacin cunkoso sai an nemi wa mota gurbi a jirgi tun da wuri.

Batun inabin shi ne na fi so ki fahimta, domin a nan ne mutanenmu suke yi wa tsibirin gurguwar fahimta. Gaskiya ne akwai masu sarrafa giya a Bozja'ada, kuma za ki ga shagunansu a cikin gari, babu amfanin ɓoye miki wannan. Amma noman inabi a can tsohuwar sana'a ce, har tsoffin kuɗaɗen tsibirin na zamanin da ake kiransa Tenedos suna ɗauke da hoton nonon inabi a gefen gatari mai baki biyu. Inabin da mutanen wurin suka fi alfahari da shi kuwa na ci ne, sunansa cawush: fari ne mai manyan 'ya'ya, ɓawonsa siriri, ƙwallayensa kaɗan, yana da ƙamshi. Sirantar ɓawon ce ta sa ba ya jure doguwar tafiya, shi ya sa wanda aka ci a gindin gonarsa ya bambanta da wanda ya kwana a mota kafin ya isa kasuwa. Wani abin sha'awa kuma shi ne furen cawush ba ya iya yi wa kansa barbara, dole manomi ya dasa wani irin inabi a kusa da shi kafin ya yi 'ya'ya sosai, kamar yadda mai dabino yake buƙatar namiji a cikin gonarsa.

Ki lura da yadda aka bar itatuwan a tsofaffin gonaki gajeru, kusa da ƙasa, ba tare da an ɗora su a kan rumfa ba. Iskar arewa da suke kira poyraz tana kaɗawa da ƙarfi a yawancin shekara, kuma gajeren itace ne ke iya tsaya mata. Ita ce kuma ke busar da raɓa daga ganye ta rage cututtukan da laima ke kawowa. Inabin yana nuna ne daga watan Agusta, ana kuma bikin girbi a farkon Satumba, don haka idan ziyararki ta faɗo a wannan tsakani kin yi dace. Idan da sanyi ne, gonakin sun kaɗe ganye, kuma iska kan sa a soke tashin jirage.

Ban da gonaki, ganuwar da ke tsaye a bakin mashigar jirgi ta cancanci awa guda. Daular Usmaniyya ta sake gina ta a zamanin Sultan Muhammadu Fatih, mutanen Banis ta ƙasar Italiya suka ƙwace tsibirin a 1656, waziri Koprulu Mehmed Pasha ya dawo da shi a 1657. Akwai masallaci mai sunansa a cikin gari, ga kuma na Alaybey, don haka sallar Azahar da La'asar ba za ta zame muku matsala ba. Abinci yawanci kifi ne da ganyayyaki da man zaitun, kuma ki nemi tumatir ɗin da suke dafawa da sukari a zuba a kwalba, tsaraba ce mai kyau. Rairayin Ayazma shi ne ya fi suna, amma ruwansa da sanyi, kuma da bazara yana cika da masu wanka cikin irin shigarsu, abin da ya kamata ki sani kafin ki nufi wurin da iyali.

Ban faɗi duk wannan don in rage wa Gokce'ada daraja ba. A ganina ma ya fi natsuwa, kuma tarihinsa ya fi taɓa zuciya. Yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta bar tsibiran biyu a hannun Turkiyya ta kuma keɓe Girkawansu daga musayar jama'a da aka yi tsakanin Turkiyya da Girka, amma daga shekarun 1960 yawancinsu suka yi ƙaura, har ƙauyen Derekoy ya koma kusan kango. A Zeytinli, mahaifar shugaban cocin Otodoks Bartalomi wanda aka haifa a 1940, har yau ana shan gahawar da aka daka a turmi. Irin waɗannan ƙauyuka suna son mai kwana biyu da mota a hannu, wanda zai zauna a ƙarƙashin inuwa ba ya duban agogo.

Ku tashi daga Canakkale bayan sallar Asuba domin ku sami jirgin safe, ku tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe tun kuna sayen tikiti. Faɗuwar rana a Polente, can ƙarshen yammacin Bozja'ada inda injinan lantarki masu aiki da iska suke jere, abin kallo ce, amma wurin yana da nisa da gari, kuma kada ku tafi sai kun tabbata akwai jirgin dare. Kangon tsohon birnin Taroi yana kan hanyar Geyikli, sai dai ni zan bar shi zuwa wata rana, domin haɗa shi da tsibirin zai sa ku yi wa duka biyun kallon tsaitsaye.