Lernu: shafin koyon Esperanto kyauta, ga yadda na same shi

Masu tambayata ko lernu.net ya cancanci a ƙona masa data, eh ya cancanta. Kyauta ne, ko sisi ba sa karɓa, kuma tun 2002 yake aiki, ba irin shafukan nan na yau a buɗe gobe a rufe ba.

Esperanto dai yare ne da wani likitan ido, Zamenhof, ya ƙirƙira ya fitar a Waso ta ƙasar Folan a 1887, haruffa 28 ne, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Darussan lernu cikin labari suka zuba su, kana karantawa kana sauraron murya, kalmar da ta shige maka duhu ka danna ta ma'ana ta fito, ni da Turanci na bi su. Amma wallahi inda suka fi burge ni sashen nahawu ne, duk suna da o yake ƙarewa, siffa da a, jam'i ka liƙa j, wanda aiki ya faɗa wa ka ƙara n, shi kenan fa, ba wani sai dai kaza ban da kaza.

Ƙanina mayen gem ne, shi ya sa na gwada da sunan dodon nan mai ƙafa biyu da fukafukai da jela mai tsini, wanda Turawan Ingila ke zanawa a tambarin gidajen sarauta da garkuwa. Viverno ake ce masa da Esperanto, shi kuma babban mai ƙafa huɗu drako ne. Ina samun kalmar ban tambayi kowa ba na haɗa vivernoj da kaina, na ce mi vidas vivernon, wato ina ganinsa, yaron ya zaro ido yana cewa yaya dama ka iya??

Sai dai ƙamus ɗin shafin na ɗan koyo ne, in irin waɗannan sunayen tatsuniya kake bi gara ka haɗa da Wikipedia ta Esperanto. Sannan haruffa shida masu hula (ĉ ĝ ĥ ĵ ŝ ŭ) in za ka rubuta su sai ka ƙara yaren a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, ko ka rubuta cx gx a madadin ĉ ĝ kamar yadda wasu ke yi.

Duolingo, manhajar koyon yaruka, ma yana da Esperanto tun 2015, yana da daɗin wasa, amma in bayani kake so a warware maka dalla-dalla lernu ya fi. Na ba shi huɗu cikin biyar.