Saƙo Daga Lesta: Batun Ƙwayoyin Da Aka Ce In Aiko Wa Hajiya

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya da na Baffa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan Lesta ta Ingila lafiya lau, sai sanyi da gajeruwar rana, don yanzu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga.

Na ga hotunan kwalaben da ka turo mini ta WhatsApp, waɗanda aka ce in nema wa Hajiya saboda gwiwarta. Duk akwai su, na riƙe su a hannuna na karanta abin da aka rubuta a jikinsu, amma ban saya ba tukuna. Don Allah ka saurari dalilina, ka kuma karanta wa Hajiya wannan saƙon da kanka. Ba ƙyashin kuɗin nake ba, wallahi ko nawa ne zan kashe a kan lafiyarta. So nake kuɗin su tafi inda za su yi mata amfani.

Bari in fara da kantunan. Akwai wani da ake kira Holland & Barrett, kusan kowace babbar kasuwa yana da reshe, kuma babu abin da ya fi sayarwa kamar ƙwayoyin ƙarin lafiya. Boots ma, wanda shi kantin magani ne, ya ware musu layi guda. Daga ƙasa har sama kwalabe ne: na gaɓoɓi, na zuciya, na ƙwaƙwalwa, na barci, na gashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayanmu na gida da na tarar a ciki. Ga zogale an niƙa an ɗura a ƙwanso, ga garin ƙwallon kuka a 'yar jaka mai ƙyalli, ga man habbatus sauda, ga gangamau, ga zoɓo an mayar da shi ganyen shayi. Kuɗin 'yar jaka ɗaya ta garin kuka, in aka canza shi zuwa naira, zai saya maka abin da gidanmu ba zai iya shanyewa a shekara ba. Inda suka fi mu shi ne tsafta da awo: an rubuta abin da ke ciki, da yawansa, da ranar lalacewa. Kuma doka a nan ta ɗauki waɗannan kaya a matsayin abinci ne, ba magani ba, saboda haka babu mai ikon rubuta cewa kwalbarsa tana warkar da wata cuta. Sai dai su yi ta kewaye-kewaye da kalmomi masu daɗi. Ba za ka ji mai lasifika a bakin tasha yana rantsuwa cewa garinsa na kashe suga da hawan jini da basir a sati ɗaya ba.

To amma ka shiga wurin likita da ciwon gwiwa irin na Hajiya, ba zai rubuta maka ko ɗaya daga cikinsu ba. Akwai hukumar da ake kira NICE, aikinta ta tattara binciken da aka yi ta faɗa wa likitocin ƙasar abin da ya cancanci a ba marar lafiya. A ƙa'idar da ta sabunta a 2022 kan ciwon zaizayewar gaɓoɓi, ta ce kada a ba da glucosamine, wato ainihin ƙwayar da ke kan gaba a hotunanka. Tun 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka, na mutum 1,583 masu ciwon gwiwa. An ba wasu glucosamine, wasu chondroitin (wata ƙwayar gaɓoɓin), wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da sun san wacce suke sha ba. Da aka haɗa lissafi, masu shan na gasken ba su fi masu shan ta bogin samun sauƙi a fili ba. Wannan shi ya sa idan wata ta ce wa Hajiya ta sha ta ji daɗi, ba ƙarya take ba, sai dai masu shan ƙwayar da ba komai a ciki su ma da yawansu haka suka ce.

Man kifi da bitamin D ma an gwada su, a mutum 25,871 a Amurka, aka bi su shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ba su rage kamuwa da sankara ba, kuma ba su rage jimillar manyan cututtukan zuciya da shanyewar jiki ba. Wani lokaci ma ƙwayar ce take jawo cuta: a Finlan, a 1994, an ga masu shan taba da aka ba sinadarin beta-carotene sun fi kamuwa da sankarar huhu. Gangamau da aka tace aka cusa a ƙwanso ya fi wanda muke sawa a abinci ƙarfi nesa ba kusa ba, an samu waɗanda ya taɓa wa hanta, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan tsinka jini. Wannan ya shafi Baffa kai tsaye, shi da ke fama da shanyewar ɓarin jiki. Sai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa: yawancin glucosamine daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yin sa, ƙwanson ƙwayoyi da yawa kuma da sinadarin da ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, wani lokaci alade. Musulmin nan sai sun duba tambarin halal ko na masu cin ganye kafin su saya.

Ba duka ne na banza ba. Ni kaina ina shan bitamin D kullum, domin gwamnatin nan ta shawarci kowa ya sha maikurogiram 10 a rana lokacin kaka da hunturu, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara, tun da ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da fatarmu ke buƙata. Ku kuna da rana kyauta, Hajiya ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi. Wanda ya daɗe yana shan metformin na suga kuwa, bitamin B12 na iya raguwa a jikinsa, har ya riƙa jin ƙafa na dindiris. Wannan a auna jini, in an ga ya yi ƙasa a ba shi. Zoɓonmu ma ya ɗan yi abin kirki: a jami'ar Tufts ta Amurka, a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda suka sha kofi uku a rana na sati shida lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan 7. Gwaji ne ƙarami, kuma ba da zoɓon da aka tuttula wa suga aka yi shi ba. Bai maye gurbin maganin asibiti.

Abin da suke bayarwa a madadin kwalba shi ne na fi so ka ji, domin a nan ne na ga abin da ya girgiza ni. Ka san aikina kula da tsofaffi da masu jinya ne, kuma nakan raka wasunsu wurin masu gashin ƙashi. A gida, in an ce gashi, abin da muke kawowa a rai shi ne a kwantar da mutum a haska masa fitila mai zafi, a manna masa wayar lantarki, a yi masa tausa. A nan, ga ciwon gwiwa, ita NICE ɗin ta ce a bar na'urorin lantarkin nan, shaidar amfaninsu ba ta isa ba. Marar lafiyar shi ke yin aikin da jikinsa. Akwai shirin da ake kira ESCAPE-pain, wanda Farfesa Mike Hurley da abokan aikinsa suka tsara a Landan: zama 12, sau biyu a sati, na sati shida. Ana tara masu ciwon gwiwa da ƙugu a ɗaki ɗaya, a fara da ɗan bayani kan ciwon, sannan a zagaya. Wannan yana tashi daga kujera yana zama ba tare da dafawa ba, wancan yana hawa ɗan dakali yana sauka, wata tana murza keken da ba ya tafiya, wata tana miƙe ƙafa da igiyar roba. Na ga tsohuwar da ta girmi Hajiya, wadda da farko sai an kama ta take tashi, ta dawo tana tashi da kanta kafin a gama shirin. Hikimar ita ce naman cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Idan mutum ya daina tafiya don tsoron ciwo, naman sai ya saki, gwiwar ta ƙara shan wahala, ciwon ya ƙaru, shi kuma ya ƙara zama. Mu kuwa da ƙauna muke cewa "Hajiya zauna, bari a ɗauko miki", ba mu san muna taya ciwon ba ne. Akwai kuma batun ƙiba: bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kusan kilo huɗu ne ya sauke wa gwiwarsa a kowane taku.

Garin nan namu na Lesta, wanda ka sani saboda kofin Firimiya na 2016, ashe ya yi suna a wannan fannin. A nan ne Sally Singh da abokan aikinta suka fito da wani gwajin tafiya a 1992 wanda yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da yawa. Alama biyu ce a ƙasa, tafiyar mita 10, na'ura tana ƙara, kai kuma kana kai da kawowa, kowane minti ƙarar tana ƙara sauri har ka gaji. A rubuta nisan da ka yi. Bayan sati shida ko takwas na motsa jiki a sake aunawa, mutum ya ga ci gabansa da idonsa. Masu ciwon huhu da ke haki in sun taka nan da can, haka ake musu. Masu bugun zuciya ma, waɗanda mu a gida za mu hana su ko ɗaukar buta, ana kiransu aji bayan an sallame su, ana auna bugun zuciyarsu suna motsawa. A 2021 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara gwaji 85 na mutum sama da 23,000, suka ga irin wannan ajin yana rage sake bugun zuciya da komawa gadon asibiti.

Kan suga, tun 2002 wani gwajin Amurka na mutum 3,234 da ke dab da kamuwa ya nuna tafiyar minti 150 a sati da rage ƙiba sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, metformin kuma kashi 31. A 2017 jami'o'in Newcastle da Glasgow suka nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa wa tsattsauran tsarin abinci sugansu ya koma daidai bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba. Wannan ƙarƙashin kulawar likita aka yi shi, kada kowa ya yanke abinci da kansa alhali yana shan maganin suga.

Na Baffa ya fi damuna. Mai shanyewar ɓarin jiki a nan, ƙa'idar 2023 ta ce a ba shi aƙalla awa uku na horo a rana, kwana biyar a sati, in jikinsa zai ɗauka: tafiya, riƙe cokali, sa riga, magana, haɗiya. Ba a yin gaggawa fiye da kima, domin wani gwaji na mutum 2,104 da aka jagoranta daga Ostireliya ya nuna a 2015 cewa matsa wa mutum da yawan tashi tun cikin awa 24 na farko bai haifar da alheri ba. Amma bayan nan, maimaitawa ce maganin, kuma watannin farko sun fi kowane lokaci daraja. Barin sa kwance ana shafa masa mai ana jiran hannun ya dawo da kansa, lokacin ne ke wucewa.

Kada ka ɗauka komai a nan zuma ne. Ana cewa asibiti kyauta, amma haraji ne ke biya, mu baƙi kuma da yawanmu muna biyan fam 1,035 na lafiya kowace shekara tare da biza. Kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne a Ingila, sai dai an yafe wa wanda ya kai 60 da mai shan maganin suga. Ga layi: a 2023 jerin masu jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7 da rabi. Awa ukun nan ma a takarda suke, ba kowa ke samun su cif ba. Wanda ya gaji da jira ya je wurin mai zaman kansa, zama ɗaya kusan fam 50. Kuma akwai abin da kuɗi bai saya musu ba. Za a zo a kafa wa tsoho ƙarfen dafawa a banɗaki, a ba shi sandar tafiya da takardar motsa jiki mai hotuna, sannan a rufe ƙofa a bar shi shi kaɗai, ba mai ce masa tashi mu yi. Da yawa a nan suke watsar da horon. Hajiya tana da jikoki cike da gida, Baffa yana da masu zuwa gaishe shi safe da yamma. Abin da waɗannan ke nema da kuɗi, mu muna da shi, tsari kawai ya rage.

Saboda haka ga roƙona, Yaya. Kuɗin da na ware na kwalaben zan turo su ƙarshen wata. A kai Hajiya sashen gashin ƙashi, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, a gaya musu a fili cewa motsa jikin da za ta riƙa yi a gida muke so a koya mata, kuma a tafi da ɗaya daga cikin 'yan matan gidan ta koya tare da ita. Kujerar da take salla a kai ta isa a fara: ta tashi ta zauna, gwargwadon yadda suka ƙayyade mata, bayan Asuba da bayan La'asar. Ɗan ciwo a farko ba abin tsoro ba ne, amma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon ya kwana ya wuni bai lafa ba, a koma musu. Baffa kuma a nemi ma'aikacin gashi mai lasisi ya riƙa zuwa gida, kada ya daina maganin hawan jininsa ko na kwana ɗaya, kuma duk wani gari ko ƙwaya da mai dubiya ya kawo a nuna wa likita tukuna, ko da akwai lambar NAFDAC a jiki. Zan haɗo na'urar awon jini da igiyoyin roba ta hannun mai zuwa, su kam na nan sun fi ƙarko.

A gaishe mini da Hajiya ƙwarai, a ce ta sa ni a addu'a, ranar Juma'a zan kira ta ta bidiyo in nuna mata yadda ake tashin kujerar. A gaishe da Baffa da jiki, da Anti da yara.

Taka ƙanwa.