Shagon wani maƙerin fari a titin Hang Bac na birnin Hanoi

Ƙaramar buƙata ce ta kai ni titin Hang Bac da ke tsohuwar unguwar birnin Hanoi na ƙasar Vietnam, wato gyaran awarwaron azurfa na maiɗakina wanda ya tsage a kusa da maɗaurinsa. A wannan unguwa tituna da yawa sunansu yana farawa da kalmar Hang, wadda ke nufin haja, sannan a bi ta da sunan abin da aka saba sayarwa a wurin, kamar yadda a birnin Kano ake da Dukawa da Soron Ɗinki. Kalmar Bac kuwa azurfa ce, don haka wanda ke neman maƙerin fari bai da buƙatar dogon tambaya.

Titin ya samo sunansa ne tun zamanin Sarki Le Thanh Tong, wanda ya yi mulki daga 1460 zuwa 1497, lokacin da aka ɗora wa wani babban ma'aikacin fada mai suna Luu Xuan Tin alhakin narka azurfa da zuba ta sanduna domin baitulmalin sarki, shi kuma ya ɗebo mutanen ƙauyensu, Chau Khe, suka zauna a nan suna aikin. Da gidan sarautar Nguyen ya mayar da fadar mulki zuwa birnin Hue a farkon ƙarni na 19, sai aikin sanduna ya bi fada, waɗanda suka rage kuma suka koma ƙera kayan ado da canjin kuɗi, har Faransawa 'yan mulkin mallaka suka riƙa kiran wurin titin 'yan canji. Zauren Kim Ngan, wurin taro da bauta da mutanen Chau Khe suka gina, yana nan a lamba 42, kuma ya cancanci a leƙa shi kafin a fara ciniki.

Wannan tarihi bai hana ni shan wahala ba. Shaguna uku na farko da na shiga cike suke da akwatunan gilashi masu walƙiya, amma da na nuna awarwaron sai su girgiza kai su nuna mini sabo, domin su dillalai ne, ba maƙera ba. Tsakanin shagunan kuma akwai ƙananan otal-otal da ofisoshin sayar da tikitin yawon buɗe ido, ga babura da aka jera a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, har sai mutum ya sauka kan kwalta yana kaucewa.

Shagon da ya karɓi aikin faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, amma ya yi zurfi zuwa ciki kamar lungu, irin ginin da aka san unguwar da shi. A can ƙuryar wani dattijo yake zaune gaban teburin katako da wuta ta ƙona gefensa, da fitila a saitin hannunsa, da magagari iri-iri da ƙaramin awartaki a jere. Bai jin Turanci, ni kuma ba na jin harshensu, saboda haka 'yarsa ce ta yi mana tafinta, ita ma da taimakon waya. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗora awarwaron a sikeli, ya rubuta nauyinsa a takarda ya miƙo mini in gani, kuma wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, domin duk wanda ya taɓa kai ƙarfe mai daraja gyara ya san inda zargi yake tasowa. A nan na fahimci cewa suna awo da abin da suke kira chi, wanda ya yi daidai da giram 3.75, goma daga cikinsa kuma su ne luong ɗaya.

Na tsaya ina kallo ya goge bakin tsagar, ya shafa wani farin ruwa da ɗan tsinke, ya ɗora ƙwayar azurfa da ba ta kai ƙwayar gero ba, sannan ya kunna siririyar wuta yana zagaya ta a hankali har ƙwayar ta narke ta bi tsagar da kanta. Ya tsoma shi a ruwa, ya goge, ya mayar da zanen da wuta ta dusashe da wani ƙaramin ƙarfe mai tsini, ya sake aunawa a gabana. Sai da na juya awarwaron sau biyu a ƙarƙashin fitila kafin na gane wurin gyaran.

Inda shagon ya gaza shi ne a kayan sayarwarsa. Yawancin zobba da sarƙoƙin da ke gaba iri ɗaya ne da na maƙwabta, alamar daga masana'anta ɗaya suka fito, ba a kuma liƙa musu farashi ba, sai an danna a kan na'urar lissafi, kuma kuɗin farko da aka faɗa mini na wani zobe mai hatimin 925, wato alamar ingantacciyar azurfa, ya sauka da yawa da zarar na yi niyyar fita. Kuɗin gyaran kuwa an yanke shi tun kafin a taɓa aikin, ba a kuma ƙara ko sisi ba. Babu wurin zama sai wata 'yar kujerar roba da gwiwa ke kaiwa ƙirji, kuma sai da na je na nemo takardun kuɗi saboda ba a karɓar kati.

Wanda zai je ya tafi da safe kafin titin ya cika, ya wuce shagunan da gilashi ya mamaye, ya nemi wanda ake jin ƙarar ƙaramar guduma daga cikinsa. Ni dai na bar wa dattijon zanen wani zobe da nake so, ya ce in dawo bayan kwana uku.