Wajen wa za ka kai karenka a duba lafiyarsa a Damagaram?

Mai kare a Damagaram, ko na gadin gida ne a Birni da Zango ko na farauta a ƙauyukan Miriya, yakan tuna da likitan dabbobi ne sai ranar da karen ya ƙi cin abinci ko ya ciji ɗan maƙwabci. Amfanin duba lafiya tun kare yana kan ƙafafunsa shi ne a riga wannan rana, kuma sau ɗaya a shekara ya wadatar ga babban kare, amma ɗan kwikwiyo da tsohon kare suna bukatar fiye da haka. Abin da ke da wuya shi ne zaɓen wanda za a kai wa, domin yawancin masu aikin dabbobi a jiharmu hannunsu ya fi sabawa da shanu, tumaki, awaki da raƙuma.

Kafin a zo kan maganar kuɗi, ya kamata mutum ya san abin da yake saye. Duba na gaskiya yana bukatar a taɓa karen: a auna zafin jikinsa, wanda a kare mai lafiya yake tsakanin digiri 38 da 39, a ɗaga leɓensa a ga launin dasashi, a buɗe kunnuwa da tsakanin yatsu inda kaska take ɓoyewa, a shafa ciki, a kuma auna nauyinsa domin da nauyi ake ƙayyade magani. Dasashin da ya yi fari fat, musamman da damina lokacin da kaska ta yi yawa, alama ce ta ƙarancin jini. Wanda ya tsaya daga nesa ya ce karen lafiyarsa lau, bai duba komai ba.

Ma'aikatar kiwo ta gwamnati ita ce ta fi dacewa da allurar rigakafin haukan kare, saboda takardar da za ta ba ka da hatimi ita ce hujjarka idan aka yi cizo, kuma ita ke da hurumin sa ido kan karen da ya ciji mutum. Ana yi wa kwikwiyo wannan allura yana da wata 3, sannan a riƙa sabuntawa, galibi duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa. Raunin ma'aikatar kiwo shi ne aikin manyan dabbobi ya fi cinye lokacin ma'aikatanta, saboda haka yana da kyau ka je ka tambaya ko akwai allurar kafin ka ɗauko kare.

Likita mai zaman kansa ya fi tsada, amma wajensa ne aka fi samun lokacin yin cikakken duba, kuma shi ya fi sauƙin nemo allurar haɗe-haɗe da ke kare kwikwiyo daga cutar fabo, mai sa amai da zawon jini. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai mako 16. Wanda ya yi ta farko ya bar sauran, a ganina, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Sai dai a nan ma akwai tambayar da ba ta da kunya: ina aka ajiye allurar? Maganin rigakafi yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga shi da bazara zafin garinmu yana haura 40, wutar lantarki kuma tana yankewa. Ka nemi a ciro kwalbar daga firijo a gabanka, ka karanta ranar lalacewarta, a kuma liƙa lambarta a takardar karen. Idan gida za a zo maka, to ta zo cikin akwatin ƙanƙara, ba cikin aljihun riga ba.

Mataimakan kiwo da ke zagaya ƙauyuka suna da amfani ga wanda yake nesa da gari, musamman wajen maganin tsutsar ciki, wanda babban kare yake sha duk wata 3, matuƙar suna aiki ƙarƙashin likita.

Mai tallar magani a kasuwa kuwa shi ne mafi araha, kuma wajensa aka fi yin asara. Yakan ba da maganin tsutsa na shanu mai suna ivermectin ko ruwan wankan kaska na garke ba tare da ya san nauyin karen ba, alhali abin da bijimi zai ɗauka yana iya sa kare dalalar miyau da karkarwa har ya mutu. Haka nan ibuprofen da mutane ke sha yana lalata ciki da ƙodar kare. Daga hannunsa igiya da takunkumin baki kawai zan saya, domin da su za ka kai karen wurin likita da sassafe, kafin ƙasa ta yi zafin da zai ƙona masa tafin ƙafa.