Na sayi faifan da ya girme ni: sharhi kan The Dark Side of the Moon

Kawuna ne ya fara jefa ni cikin wannan rigima. Ya yi karatu a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo da akwati guda shaƙe da faya-fayan garmaho. A cikinsu akwai wani mai baƙin bango, babu hoton mawaƙi, babu suna a gaba, sai wani gilashi mai kusurwa uku da farin haske ya shiga ta gefe ɗaya ya fito ta ɗaya gefen a rarrabe, launi shida. Ina aji uku a sakandare ranar da ya ɗora mini shi. Na ji bugun zuciya, na ji wani yana dariya kamar mai taɓin hankali, can kuma agoguna suka kaure da ƙara a lokaci guda har na zabura. Na ce, "Kawu, wai yaushe za a fara waƙar?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai tun ɗazu aka fara, kai ne ba ka iso ba."

Gaskiyarsa. Sai da na shekara wajen talatin kafin na iso.

Kwanakin baya wani abokina zai dawo daga Landan, na ba shi sautun sabon bugun wannan kundin waƙoƙi na ƙungiyar Pink Floyd da aka fitar a 2023, lokacin da kundin ya cika shekara 50. Wata uku ke nan ina juya shi a ɗan garmahon zamani da na saya, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi ra'ayina. Kayan dai sun zo da kyau. Faifan yana da nauyi a hannu, bangon mai buɗewa biyu ne, a ciki akwai fastoci da sitika kamar yadda aka yi a bugun farko, har da hoton dalar Masar. Kusurwar bangon ta lanƙwashe a cikin jaka, amma wannan laifin hanya ne. Tsada kuwa ba a magana, in ka juya kuɗin zuwa naira sai ka yi shiru, kada uwargida ta ji.

Ga wanda bai san su ba, Pink Floyd mutum huɗu ne a lokacin, duk 'yan Ingila: Roger Waters mai jitar bes, wanda shi ya rubuta baitocin kundin gaba ɗaya, David Gilmour mai jita da yawancin rerawa, Richard Wright mai fiyano da sauran kayan dannawa, sai Nick Mason mai ganguna. Sun ɗauki aikin a sitidiyon Abbey Road da ke Landan daga 1972 zuwa farkon 1973, ya fito a watan Maris na 1973. Salon da ake jingina su da shi Turawa na kiran sa progressive rock, wato rok mai zurfafawa, wanda ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960 tare da ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis. Masu wannan salo ba su yarda waƙa ta tsaya a minti uku ba, suna aro daga jaz da kiɗan gargajiyar Turai, suna ja har minti ashirin. Na gwada da yawa daga cikinsu, kuma in faɗi gaskiya wasu gajiyar da ni suke yi. Sai ka ji makaɗi yana ta nuna maka shi gwani ne, kai kuma ba abin da ka tambaya ke nan ba.

Wannan kundin bai yi haka ba, kuma ina ganin nan ne sirrin daɗewarsa. Minti 43 ne kacal, waƙa goma, kowace ta zarce cikin ta gaba ba tare da an yi shiru ba, sai dai inda ake juya faifan. Turancin cikinsa kuwa ɗan sakandare zai gane shi. Ba a yi zancen aljanu ko sarakunan tatsuniya ba. Lokaci, mutuwa, kuɗi, faɗa tsakanin mu da su, da hauka, su ne abin da aka yi waƙa a kai. Duk wanda ya kai shekara arba'in a duniya, ko a Landan yake ko a Funtuwa, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya taɓa hana shi barci.

Ni waƙar Time ce ta kama ni, kuma ba a lokacin da na fara jin ta ba. Ina saurayi agogunan kawai nake so, da yadda Mason ke dukan ganguna a hankali kafin murya ta shigo. Injiniyan sautin, Alan Parsons, shi ya je wani shagon tsofaffin kaya ya ɗauki ƙarar agogunan ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa su suka tashi tare. Amma yanzu da furfura ta fara leƙo mini a gemu, abin da nake ji daban ne. Waƙar tana magana ne a kan mutumin da ke ɓata ranakunsa yana jiran wani ya zo ya nuna masa hanya, sai ya farka ya tarar shekara goma ta wuce shi, tseren kuma tuni an fara babu wanda ya sanar da shi. Waters yana da shekara 29 lokacin da kundin ya fito. Yaro ne a idona yanzu, kuma ban san yadda aka yi ya hango wannan tun a lokacin ba. Idan Gilmour ya saki jitarsa a tsakiyar waƙar, ba gudu yake yi da yatsu ba, ja yake yi, yana barin kowane sauti ya yi kukansa ya gama. Kunnen da ya tashi da kuntigin Ɗanmaraya Jos ya san cewa ba yawan tsirkiya ke sa kiɗa ya yi magana ba.

Rannan ina tsakiyar wannan waƙar wuta ta ɗauke. Faifan ya ci gaba da juyawa yana rage gudu, kafin komai ya mutu. Na zauna cikin duhu ina dariya ni kaɗai, domin da an tambaye ni yadda ya kamata waƙar lokaci ta ƙare, da ban iya tsara abin da ya fi wannan ba. Tun daga ranar a kan sola nake kunna shi.

Daga nan sai The Great Gig in the Sky, wato babban wasan kiɗa a sama, waƙa a kan mutuwa, wadda ta rufe fuskar farko ta faifan. Fiyanon Wright ne a hankali, sai muryar mace ta shigo, ba kalma ko ɗaya a bakinta, ihu ne da kuka da lallashi. Sunanta Clare Torry, shekararta 25 a lokacin. An kira ta sitidiyo ranar wata Lahadi, aka ce ta yi duk abin da ya zo mata, amma ban da kalmomi. Ta yi, aka biya ta fam 30, ta tafi gida tana zaton ba za a ma yi amfani da shi ba. Sai a 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta, yanzu sunanta na nan tare da na Wright a matsayin waɗanda suka tsara waƙar. A ganina ta makara ma. Ranar da na fara sa ta da ƙarfi a falo, uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Baban Ummi, lafiya? Wa aka yi wa rasuwa?" Ba ta san sunan waƙar ba, ba ta san ma'anarsa ba, amma ta faɗi daidai abin da waƙar take nufi. Mu da muka saba a waƙa magana ce sarauniya, kiɗa ɗan rakiya, wannan abin a tsaya a duba ne.

A nan ne kuma na gane abin da kuɗina ya saya mini. Masu son faifan garmaho suna yawan cewa sautinsa ya fi na waya nesa ba kusa ba. Na gwada su gefe da gefe, da hedfon mai kyau, kuma bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Bes ya ɗan fi cika ɗaki, shi ke nan, ga kuma 'yar ƙaras-ƙaras ta ƙura, wadda a lokacin hunturu sai ka yi ta goge faifai kamar mai renon jariri. Abin da faifan ya fi waya da shi shi ne shirun da ke biyo bayan muryar Torry. Allura ta kai ƙarshe, ɗaki ya yi tsit, dole ka tashi ka juya faifan da hannunka. A waya kuwa, matar ba ta gama share hawaye ba za ka ji ƙarar kwabbai da injin kuɗi sun faɗo maka. Waɗanda suka tsara kundin sun san akwai wannan tsayawar, da ita suka yi lissafi.

Fuska ta biyu da Money take farawa, wadda ita ce aka fi sani. Ƙarar kuɗin da ke buɗe ta da hannu aka yi, an ɗauki sautin kwabbai da yagar takarda da injin kanti a tef, aka yanka da reza aka liƙa, aka mayar da shi zobe yana zagayawa. Babu kwamfuta. Gwada ƙirga bugun bes ɗin, za ka ga bakwai-bakwai yake tafiya maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba, shi ya sa yake tafiya kamar mai ɗingishi amma da taƙama. Dick Parry ya busa saksafon a kan bakwai ɗin nan, sai da aka zo kan jitar Gilmour aka koma huɗu, kiɗan ya miƙe da gudu. Ina son waƙar, amma ina yi mata kallon gefe. Mutane huɗu sun yi wa masu kwaɗayin kuɗi ba'a, kuma wannan ba'ar ce ta mayar da su attajirai. An ƙiyasta kundin ya sayar da kwafi sama da miliyan 45. A jadawalin Billboard na Amurka, mai jera kundayen da suka fi kasuwa, mako ɗaya tak ya yi a matsayi na farko, amma ya zauna a cikin jadawalin fiye da mako 700 tsakanin 1973 da 1988. A Ingila ma, garinsu, bai taɓa wuce na biyu ba a wancan lokacin.

Ba komai ne ya tsufa da kyau ba. On the Run, wadda aka yi da wata na'urar haɗa sauti ta kamfanin EMS, a 1973 ta zama abin al'ajabi, yau kuwa kamar wasan gem ɗin yara take a kunnena, kuma ta yi tsawo. Any Colour You Like gada ce kawai, an ɗora ta don a haye daga Us and Them zuwa ƙarshe. Da a waya nake da na tsallake su. A faifai tsallakewa sai ka tashi ka ɗaga allura ka yi ta laluben layi, don haka nakan bar su, kuma na lura agogunan Time ba sa firgita ni yadda ya kamata sai in na sha wahalar gudun da ya gabace su.

Us and Them kuwa ban da abin cewa a kanta sai dai a saurara da dare. Kusan minti takwas, saksafon mai sanyi, kalma ɗaya a faɗe ta ta yi ta amsa-kuwwa, ana zancen janar da ke zaune yana matsar da layi a taswira, talakawa na mutuwa a fagen daga. Ba sai na ce komai ba, kowa ya san inda tunaninsa zai tafi.

Ƙarshen kundin na Syd Barrett ne, ko da yake babu muryarsa a ciki. Shi ne jagoran ƙungiyar na farko, shi ke rubuta yawancin waƙoƙinsu, sai ƙwaya da ciwon ƙwaƙwalwa suka haɗu a kansa, a 1968 abokansa suka ci gaba ba tare da shi ba. Ya koma garinsu Kambirij ya yi zaman kaɗaici har ya rasu a 2006. Waƙar Brain Damage inuwarsa ce, kuma duhun watan da ke cikin sunan kundin ba zancen sararin samaniya ba ne, hauka ake nufi. Turawa sun daɗe suna danganta hauka da wata, ni ma a nan na sha jin tsofaffi na cewa ciwon wane yakan motsa in wata ya tsaya. Abin da ya taɓa ni shi ne ba a yi waƙar kamar ana nuna mahaukaci da yatsa daga nesa ba. Mai waƙar yana lissafa kansa a layi.

Muryoyin mutanen da ake ji suna magana jefi-jefi tun daga farko ba 'yan wasa ba ne. Waters ya rubuta tambayoyi a kati, aka riƙa kiran duk wanda ke cikin ginin yana amsawa: ma'aikatan ƙungiyar masu ɗaukar kaya, da mai gadin ƙofar sitidiyon, wani ɗan Ailan mai suna Gerry O'Driscoll. An ɗauki Paul McCartney, shahararren mawaƙin ƙungiyar Beatles, shi ma, amma ba a sa nasa ba, aka bar na mai gadi. Shi ne ke da maganar ƙarshe a kundin, can ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin bugun zuciyar da aka fara da shi, kuma sai ka ƙara murya sosai kafin ka ji shi. A tsohon kaset ɗin da na kwafa daga faifan Kawu ban taɓa jin wannan muryar ba, hayaniyar tef ta cinye ta. Sai a wannan bugun na ji ta.

Makon jiya na ɗauki faifan da garmahon na kai wa Kawu, domin nasa ya daɗe da lalacewa. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya riƙa shafa bangon da hannu. Muka zauna minti 43 ba wanda ya ce uffan, ni ne mai tashi juya faifai. Da allura ta kai ƙarshe ya ce in bar masa shi zuwa bayan Sallah.