Ranar wasa a filin Forest Green Rovers: abinci, jesi da kuma tarihin da ba a cika faɗa ba

Jama'a duk wanda yake Ingila ko yake shirin zuwa, kuma yana son ƙwallo amma kuɗin tikitin Firimiya ya fi ƙarfin aljihunsa, ga wani wuri da nake ba da shawara a gwada. Filin The New Lawn ne, gidan Forest Green Rovers, a wani ɗan gari da ake kira Nailsworth cikin yankin Gloucestershire. In na ce ɗan gari ina nufin ɗan gari fa, mutanen cikinsa ba su wuce dubu shida ba, shi kuma filin yana ɗaukar kusan mutum dubu biyar, wato in ya cika maƙil kusan duk garin ne ya shiga ciki.

Zuwa wurin shi ne abin da ya fi wuya. Babu tashar jirgin ƙasa a Nailsworth, sai dai ka hau jirgi daga Paddington a Landan ka sauka a Stroud sannan ka nemi bas ko tasi. Kuma garin a cikin kwari yake, filin kuwa yana can ƙololuwar tudu, in ka ce da ƙafa za ka hau to ka shirya haki, musamman in da dattijo ko ƙananan yara tare da kai gara ku hau mota. Amma da ka isa sama gajiyar za ta tafi, ta bayan filin gonaki ne kore shar da dabbobi suna kiwo, kana tsaye kana kallon wasa kana hango su. Titin da ya kai ka ƙofar filin ma sunansa Another Way.

To bari in fara da abinci don shi ne abin da kowa yake tambaya. Babu nama a filin nan sam, babu kifi, babu ƙwai, babu madarar shanu. Mai kulob ɗin Dale Vince, wanda ya kafa kamfanin lantarki na Ecotricity, ya karɓi ragamar kulob ɗin a 2010 lokacin suna cikin matsin kuɗi, a 2011 ya hana jan nama, zuwa 2015 komai ya koma na tsirrai zalla har abin da 'yan wasa suke ci a kulob. Abin da suka fi shahara da shi shi ne Q Pie, siffarsa irin ta mitfai ce amma cikinsa Quorn ne, wani abu da ake yi daga dangin laimar kwaɗi, a baki yana kama da tsokar kaza. Ana zuba shi da kirɓaɓɓen dankalin turawa da koren wake a kwarara romo mai kauri a kai. Ɓawon yana da ƙarau-ƙarau a sama, cikin kuma da zafinsa har tururi yake in ka fasa da cokali, a ranar sanyi wallahi ba abin da ya fi shi. Gaskiyar magana mai son yaji zai ji shi salam-salam don girkin turawa ne, amma yana ƙosarwa kuma ba ya ɗaure ciki. Shayin ma da madarar tsirrai ake haɗa shi, kurɓar farko za ka ji baƙon ɗanɗano, kafin ka kai rabin kofi ka manta.

Abin da ya fi faranta min rai a matsayina na musulmi shi ne kwanciyar hankali. Duk wanda ya saba zuwa filayen ƙwallo a Ingila ya san yadda ake fama, ka tsaya a layi kana leƙen abinci kana tunanin ko naman alade ne ko wane irin yanka ne, ƙarshe ka sayi soyayyen dankali kawai ka haƙura. A nan wannan zullumin babu shi. Sai dai a kula, ana sayar da giya kamar sauran filaye, kuma girkin turawa wani lokaci sukan sa giya a romo, don haka tambaya ba laifi ba ce, masu sayarwar suna amsawa da fara'a. Sannan wasan Asabar ƙarfe uku ake take shi, a lokacin hunturu kafin a tashi rana ta faɗi, sai mutum ya tsara sallarsa tun daga gida.

Shagon kulob ɗin ƙarami ne amma jesinsu abin kallo ne. Kore ne mai haske sosai irin wanda ake hangowa daga nesa. A 2019 suka fito da wata mai zanen jakin dawa wadda aka saƙa da zaren gora, a 2021 kuma suka yi wata daga ragowar garin gahawa da robobin ruwa da aka sake narkawa. Na taɓa yadin da hannuna na murza, ba za ka ce ba irin na sauran jesuna ba ne, mara nauyi, mai santsi, ba wani ƙamshin gahawa ko kaɗan. Saman rumfar 'yan kallo akwai farantan sola, ciyawar filin ba a sa mata takin zamani ko maganin ƙwari, ana tara ruwan sama a yi ban ruwa da shi, har da wani ɗan inji mai yankan ciyawa da kansa. A kan haka ne FIFA ta kira su kulob mafi kula da muhalli a duniya a 2017, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ba su shaida a 2018, Héctor Bellerín tsohon ɗan bayan Arsenal kuma ya sayi hannun jari a 2020.

Duk wannan na yaba. Amma abin da ya sa na zauna nake rubutun nan wani ne daban. Yawancin masu zuwa daga nesa sun ɗauka kulob ɗin a 2010 aka haife shi, alhali tun 1889 yake, wani limamin coci mai suna Peach ne ya kafa shi, ya girmi Chelsea da Liverpool. Shekaru kusan ɗari suna buga ƙananan gasanni na yanki, ƙauye da ƙauye, 'yan wasa masu sana'arsu a gefe, su tashi daga aiki su zo atisaye. Kuma ba kore suke sakawa ba a da, zanen baƙi da fari ne kayansu, sai a 2012 aka koma kore. Har yau in ka duba cikin dattawan da suke tsaye a bayan raga za ka ga mai tsohon mayafin wuya baƙi da fari wanda ya koɗe saboda wanki, to wannan mutumin shi ya kamata ka tsaya kusa da shi, ka gaishe shi da ladabi ka ja shi da hira, abin da za ka ji ya fi kuɗin tikitinka daraja.

Zai faɗa maka 1982, shekarar da ƙauyen ya kwashe kaf ya tafi Wembley suka doke Rainworth Miners Welfare da ci 3 da nema suka ɗauki kofin FA Vase, wata gasar kofi ta ƙananan kulob-kulob. Zai faɗa maka 1989 da shugabanni suka sauya sunan kulob zuwa Stroud FC don a jawo magoya baya daga babban garin da ke kusa, abin bai yi ba, tsofaffin magoya baya suka yi fushi suka janye, sababbin kuma ba su zo ba, a 1992 dole aka dawo da tsohon suna. Wannan labarin yana taɓa ni sosai, saboda ya nuna mutanen nan ba kofi ne ya ɗaure su da kulob ba, sunan unguwarsu ne, wato Forest Green. Daga nan koci Frank Gregan ya hau da su mataki biyu a jere har suka shiga Conference a 1998, ajin na biyar ke nan a Ingila wanda yanzu ake kira National League. Sun kai wasan ƙarshe na FA Trophy, wata gasar kofin da ta fi FA Vase girma, a 1999 Kingstonian ta ci su ɗaya mai ban haushi, a 2001 ma Canvey Island ta maimaita musu haka. A 2006 suka bar tsohon filinsu The Lawn suka dawo wannan, tazarar ba nisa. Duk wannan fa kafin kuɗin Vince su shigo.

Ba ina rage wa mutumin daraja ba ne, ba don shi ba Allah kaɗai ya san inda kulob ɗin zai kasance. A zamaninsa suka sha kashi hannun Grimsby a Wembley a 2016 a wasan ƙarshe na neman hawa aji na huɗu, shekara ta zagayo suka koma suka doke Tranmere Rovers 3 da 1, Kaiyne Woolery ya ci biyu Christian Doidge ya ci ɗaya, Nailsworth ta zama gari mafi ƙanƙanta da ya taɓa samun kulob a cikin Football League, wato azuzuwan ƙwararru da ke sama da National League. A 2022 koci Rob Edwards ya ci musu League Two, wato aji na huɗu, sannan ya tafi Watford, suka wayi gari a aji na uku suna karɓar baƙuncin irin su Derby, Ipswich da Sheffield Wednesday a kan wannan tudun, har ma sun doke Wednesday ɗaya da nema a ƙarƙashin Duncan Ferguson. Sai dai hawan bai ɗore ba, 2023 suka gangaro, 2024 suka sake gangarowa National League, kociyoyi suna ta shiga suna fita, Troy Deeney ma wasa shida kawai ya yi. A tsakiyar wannan rikicin ne Hannah Dingley ta riƙe ƙungiyar na ɗan lokaci a 2023, mace ta farko da ta jagoranci ƙwararrun 'yan wasa maza a Ingila.

Shi kallon wasan kansa yana da daɗi ta hanyar da talabijin ba ta iya nunawa. Kana dab da layi, kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo, kana jin gola yana yi wa 'yan bayansa tsawa, in ɗan wasa ya zo jifa numfashinsa ma kana ji. Kada ka zo da tsammanin fasin irin na Manchester City, a nan dogayen ƙwallaye ne da gudu da karo, amma da zuciya ake yi. Wasu sassan tsaye ake kallo, kuma iskar saman tudun nan ba ta wasa, ka zo da rigar sanyi mai kauri da hula ko da ka ga rana da safe.

Akwai shirin gina sabon fili na katako mai suna Eco Park kusa da babbar hanyar M5, kamfanin Zaha Hadid ne ya zana shi, shi ma na mutum dubu biyar. Zai fi sauƙin zuwa ba shakka, amma zai fitar da kulob ɗin daga Nailsworth, kuma in na tuna abin da ya faru a 1989 sai gabana ya faɗi. Don haka in kana da niyya kada ka yi ta jinkiri, ka je tun suna kan tudunsu. Ka duba jadawalin wasanni a shafinsu na intanet, ka sayi tikiti tun kafin ranar, ka isa da wuri don ka samu ka ci abinci a natse kafin layi ya yi tsawo.