Jaka mai haɗe ko mai rabe: wacce ta fi dacewa da Baba?

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce an yi masa aiki a Jidda, an fito masa da bakin babban hanji ta gefen hagu na ciki, kuma a saidaliya an nuna miki jakar tara bayan gida iri biyu kin rasa ta ɗauka.

Mai haɗe, jakar da faifan da ke manne ta a fata kewaye da bakin hanjin abu guda ne. Ba ta da tudu, tana bin jiki yadda ya lanƙwasa, ba ta tokare mutum a ruku'u da sujada, ƙarƙashin jallabiya ma da wuya a lura da ita. Aibinta ɗaya ne, amma babba: duk canjin jaka sai an ɓanɓare manne daga fata. Wanda hanjinsa ya fito ta hagu, bayan gidansa da kauri yake zuwa, don haka galibi jaka rufaffiya ake sa masa, a cire a yar sau 1 zuwa 3 a rana. Fatar dattijo ba ta jure irin wannan ɓanɓarewa kullum, balle ga zafin Makka da kan haura digiri 45. Fata kuwa in ta saluɓe, manne ba ya kamawa, sai yoyo, yoyon ya ƙara cin fatar.

Mai rabe tana barin faifan a jiki kwana 3 zuwa 4, jakar kaɗai ake cirewa a ɗaura sabuwa. Gumi kan rage kwanakin, kada ki ga ya saki da wuri ki ɗauka jabu aka sayar miki. Zoben da ke haɗa su yana da ɗan tauri, kuma danna shi a kan cikin da bai gama warkewa ba akwai zafi. Ki tambayi irin da ake haɗawa da manne, ko wanda yatsa ke shiga ƙarƙashin zoben, don kada a danna masa ciki. Kamfanonin Coloplast, Hollister da ConvaTec duk suna yin mai haɗe da mai rabe, sai dai jakar wani kamfani ba ta hawa faifan wani.

Ni dai mai rabe zan zaɓa masa ta zaman gida, a ajiye 'yan masu haɗe don ranar zuwa Harami, inda cunkoson ɗawafi ke son abin da ya kwanta luf.

Ko wacce kika ɗauka, kada ki jibge kwali-kwali yanzu. Bakin hanjin a kumbure yake, zai yi ta raguwa har mako 6 zuwa 8. A riƙa auna shi duk canji, a yanke ramin faifan ya fi shi da milimita 2 ko 3 kacal. Ruwan ɗumi ya isa wanke wurin, ban da sabulu mai maiƙo, a bari ya bushe sarai. A cire jaka kafin ta wuce rabi. Kada a bar kayan cikin mota, zafi na lalata mannen. A waɗannan makonni kuma ku hana shi ɗaukar kaya masu nauyi, jarkar Zamzam ma yara su ɗauka, don kada hanji ya turo ta gefen wurin.

Bakin hanjin ja ne mai danshi, ɗan jini wajen gogewa ba abin tsoro ba ne. In ya koma baƙi ko shuɗi, ko bayan gida ya daina fita ga amai da kumburin ciki, ku tafi asibiti a take.